Jiragen Yaƙin Farko a Sararin Ƙasar Hausa: Zafi, Hazo da Wahalar Hawa Sama

Jirgin sama na farko da ya taka ƙasar Kano jirgin yaƙi ne. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku ƙirar DH.9A na rundunar sojan saman Ingila suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, kwana biyar da tasowarsu daga Helwan, kudu da Alƙahira. Jagoran tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. A lokacin Sarki Usman ɗan Abdullahi ne ke kan gadon Dabo, Muhammadu Tambari kuma shi ne Sarkin Musulmi a Sakkwato. Masu ba da labarin wannan rana sun fi mai da hankali kan nisan hanya da mamakin jama'a. Su kuwa mutanen da ke cikin jiragen, abin da ke ransu kowace asuba daban ne: shin jirgin nan, da kayan da aka ɗora masa da zafin da ake ciki, zai bar ƙasa kafin fili ya ƙare? In ya bari, minti nawa zai yi kafin ya kai inda iska ke da sanyi? Daga Darfur har Yamai, kusan duk nasara da asarar jiragen farko a wannan yanki a kan waɗannan tambayoyi biyu suka rataya.

Ƙarfin hawa, wato yawan ƙafar da jirgi ke ƙarawa sama cikin minti ɗaya, shi ne abin da matuƙan Yaƙin Duniya na Farko suka fi kwaɗayi. Wanda ke sama shi ke zaɓar lokacin faɗa. Yakan sulalo ta gefen rana ya buɗe wuta, ya yi amfani da gudun da gangarowa ta ba shi ya sake komawa sama, in kuma ya ga ba riba ya yi tafiyarsa. Na ƙasa sai dai ya jira abin da zai same shi. Jirgin leƙen asiri ma tsirarsa daga harsasan ƙasa ta dogara ne ga nisan da ya yi sama. Saboda haka cikin shekara huɗu na yaƙin aka yi tsere mai tsanani a kan wannan abu ɗaya. Jirgin Ingila mai suna BE2c, mai injin ƙarfin doki 90, yakan yi kimanin minti 45 kafin ya kai ƙafa 10,000, kuma nan ne iyakarsa. Sopwith Camel da ya fito a 1917, mai ƙarfin doki 130, yakan kai wannan tsawo cikin kimanin minti 11. A 1918 Jamus ta sa wa Fokker D.VII injin BMW da aka ƙera musamman don siririyar iskar sama, sai ya riƙa kai mita 5,000 cikin kimanin minti 16, alhali shi wannan jirgi da injin Mercedes yakan haura rabin sa'a kafin ya kai can.

Jiragen nan da katako aka yi ƙashinsu, aka lulluɓe da yadin lilin da aka shafe da wani fenti mai ɗaure shi, aka ɗaure fuka-fukan sama da na ƙasa da wayoyin ƙarfe. Farfelar ma katako ce, falle-falle da aka manne da gam. Wasu injunan, irin na Camel, gaba ɗayansu suke juyawa tare da farfela, kuma da man zurma ake shafe su, don fetur ba ya narkar da shi yadda yake narkar da baƙin mai. Kusan dukkansu ba su da na'urar cusa iska cikin inji. Iskar da fistin ya zuƙo da kansa ita ce iyakar abin da za a ƙona fetur da shi, don haka duk abin da ya rage kaurin iska ya rage ƙarfin injin kai tsaye.

Alƙaluman da ake gani a littattafai kuwa suna da asali. A Ingila, tun daga 1917, a tashar gwaji ta Martlesham Heath ake auna sababbin jirage, inda masanin kimiyya Henry Tizard ya taimaka wajen tsara yadda za a riƙa yin awon. Jamusawa suna yin nasu a Adlershof, gefen Balin. Matuƙi zai tashi da agogo da wata na'ura mai zana tsawon da ake ciki a kan takarda, sa'an nan masu lissafi su gyara sakamakon ya dace da abin da aka amince da shi a matsayin daidaitacciyar iska. Wadda duniya ta tsaya a kanta daga baya ita ce zafin digiri 15 a bakin teku, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000. Wannan tsari yana da amfani ƙwarai, don shi ke ba da damar gwada jirgi da jirgi. Sai dai wannan iska ta ƙasashen sanyi ce. A Sakkwato ko Kano da wuya a same ta, in ba da asubahin tsakiyar hunturu ba.

Lissafin da ake koya wa matuƙa har yau yana nuna girman bambancin. Iska in ta yi zafi takan buɗe ta yi sirara, kuma kowane digiri ɗaya da ya ɗara ƙa'ida daidai yake da a ɗaga filin jirgi sama da kimanin ƙafa 120. Filin Kano yana kusan ƙafa 1,560 sama da teku, inda ƙa'ida ta ce zafi ya zama digiri 12. Ranar da ma'auni ya nuna 40, abin da ba baƙo ba ne a watan Afrilu, fuka-fuki da inji suna jin kamar suna kan tudu mai ƙafa 4,900. Filin Sakkwato ya fi na Kano ƙasa, kimanin ƙafa 1,000 ne, amma zafinsa ya fi, don haka a rana mai digiri 42 a kwarin Gulbin Rima, daga Goronyo zuwa Wurno da Rabah, jirgi yana tashi ne kamar daga ƙafa 4,500. Wato ya zarce tudun Jos tun tayarsa tana ƙasa. Injin da ba a cusa wa iska kuwa yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, ke nan kusan kashi 15 sun tafi kafin a saki birki.

Wanda ya ji kashi 15 zai iya cewa ai da sauƙi. Ba haka abin yake ba, don jirgi ba ya hawa da dukkan ƙarfinsa, da rarar da ta saura yake hawa bayan an cire abin da ke riƙe shi a sama. A ɗauka, don sauƙin lissafi, inji yana ba da doki 400, kuma 250 daga ciki suna tafiya wajen riƙe jirgin a miƙe. Rarar 150 ita ce ta hawa. Idan zafi ya cinye 60, daga cikin rarar nan zai ci, sai a bar 90, ka ga hawa ya ragu da kashi 40 cikin 100. A ƙara wa jirgin tankin mai na biyu da jarkokin ruwa da kayan gyara, abin da ake bukata don riƙe shi ya ƙaru, rarar ta ƙara tsukewa. Direban da ya ɗauko lodin albasa daga Goronyo ya san wannan: a shimfiɗaɗɗiyar hanya motar ba ta nuna gajiya, sai an zo hawa ake sanin abin da ya rage mata. Ga kuma wata matsalar. A siririyar iska sai jirgi ya ƙara gudu a ƙasa kafin fuka-fukai su ɗauke shi, ke nan yana bukatar fili mai tsawo a daidai lokacin da injinsa ya fi rauni.

A nahiyar Afirka aka fara amfani da jirgin sama wajen yaƙi. A watan Oktoban 1911, lokacin da Italiya ta mamaye Tarabulus, matuƙanta suka fara leƙen sansanin Turkawa daga sama, kuma ranar 1 ga Nuwamba ta wannan shekara Giulio Gavotti ya jefa ƙananan bama-bamai da hannu a Ain Zara da Tajura. Tarabulus ita ce bakin hanyar ayarin da ke kawo hajja Kano ta Gadamas da Agadas, kuma a shekarar nan ce layin dogo daga kudu ya iso Kano ya soma karya cinikin ayarin.

Abin da ya fi kusa da Hausawa shi ne yaƙin Darfur na 1916. Hanyar alhazai ta ƙasa, daga Sakkwato da Kano ta Barno da Wadai zuwa Kogin Nilu, ta tsakiyar Darfur ta ratsa. Ita ce hanyar da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya bi da sauran masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa garin da ake kira Mai Wurno kusa da Sennar a Sudan, garin da ya ɗauki sunan Wurnon da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina ribaɗi kuma aka rufe shi a cikinta a 1837. A kan wannan hanya Ingilishi suka kawo jirage huɗu ƙirar BE2c don yaƙar Sarkin Darfur Ali Dinar. Daga inda layin dogo ya ƙare a Kordofan, a bayan raƙuma aka riƙa ɗaukar fetur da kayan gyara zuwa filayen da aka share a daji. Jirgin da a Ingila ma sai da ƙyar yake kai ƙafa 10,000, shi aka kawo ƙasar da ke da tudu sama da ƙafa 2,000 a watan Mayu, ƙarshen bazara. Aikinsa leƙe ne da jefa takardu da tsoratarwa. Bayan an karya rundunar Ali Dinar a Beringiya ranar 22 ga Mayu, washegari wani matashin matuƙi, John Slessor, ya bi masu janyewa da bama-bamai, aka harbe shi a cinya daga ƙasa da bindigar hannu. Ya tsira, daga baya ma ya zama shugaban sojan saman Ingila. Raunin nasa yana nuna yadda jiragen suke kusa da ƙasa in za su kai hari.

Faransawa sun sha tasu wahalar ta arewa. Ranar 18 ga Fabrairu, 1920, jirage biyu suka tashi daga Tamanrasset don tsallake Sahara zuwa Kogin Kwara. Ɗaya Joseph Vuillemin ke tuƙa shi. Ɗayan, ƙirar Breguet 14 mai kujera biyu, mutum uku aka cusa a ciki: matuƙi Bernard, bakanike Vasselin, da Janar Laperrine wanda ya zauna a kan cinyar bakaniken. Hazo ya rufe musu ƙasa, iska ta karkatar da su daga hanya, mai ya ƙare, jirgin ya kife wajen sauka a cikin rairayi. Laperrine ya karye, ya mutu a wurin ranar 5 ga Maris, sauran biyun kuma sojojin raƙuma suka tsinto su da rai daga baya. Vuillemin ya sauka Menaka, ya zama na farko da ya tsallake hamadar ta sama. Shekara biyar bayan haka, a Fabrairun 1925, shi wannan Vuillemin yana cikin tawagar Kanar de Goÿs da ta nufi Tafkin Chadi da manyan jirage biyu ƙirar Blériot 115 masu inji huɗu-huɗu. A Yamai, jirgin da yake tuƙawa ya faɗo yana cikin tashi, mai kula da rediyo ya mutu, shi kansa ya ji mummunan rauni, tafiyar ta tsaya nan.

Haɗarin Laperrine ya fito da wani ƙulli da duk matuƙin wancan zamani ya sha fama da shi a wannan yanki. Ba rediyon nuna hanya, taswirorin ma ba su da cikakken bayani, da ido ake bin kogi ko layin dogo ko turbar ayari. Injin yana son a hau sama inda iska ke da sanyi don kada ruwan lagireto ya tafasa, amma in hazon hunturu ya yi kauri, wanda ya hau ƙafa dubu kaɗan ya daina ganin ƙasa. In ya sauko don ya ga hanya, ya shiga zafi da ƙura. Hawan ma ba a yin sa a tashi ɗaya. Lokacin hawa inji yana aiki iyakar ƙarfinsa, jirgi kuma yana tafiya a hankali, iskar da ke ratsa lagireto ba ta da yawa, sai allurar zafi ta riƙa tashi. Dole matuƙi ya miƙe jirgin ya bar shi ya huce, sa'an nan ya ci gaba. Da rana ta ɗaga kuma, ƙasa takan tura zafafan iskoki sama masu jijjiga jirgi har zuwa dubban ƙafa. Wannan ne dalilin da ya sa tashin asuba ya zama doka.

Jirgin da Coningham ya zo da shi ya fi na Darfur nesa ba kusa ba. DH.9A ya fara tashi a 1918 a matsayin mai jefa bam, mai ɗaukar mutum biyu, da injin Liberty na Amurka mai silinda 12 da ƙarfin doki 400. A takarda gudunsa ya kai mil 120 da 'yan kai a sa'a, yana kai ƙafa 10,000 cikin ƙasa da minti 16, iyakar hawansa kuma ta haura ƙafa 16,000. Amma waɗanda aka tura ƙasashe masu zafi, irin Iraƙi da Indiya da Masar, an sake musu kama. An ƙara musu lagireto na biyu a ƙarƙashin hanci, da ƙarin tankin mai, ana kuma ɗaura musu ƙarin taya a jiki da ruwan sha da abincin ko-ta-kwana. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara nauyi ko yana tare iska. Jirgin da ya sauka Kano, in aka zo maganar hawa, ba shi ne wanda aka auna a Ingila ba, ko da yake sunansu ɗaya.

Tawagar, daga runduna ta 47, ta bar Helwan ranar 27 ga Oktoba, kowane jirgi da matuƙi da bakanike. Suka bi Nilu zuwa Wadi Halfa da Hartum, suka juya yamma ta El Obeid da El Fasher, suka shiga ƙasar da Faransa ke mulka ta Abeshe da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Injamena, suka ratsa Maiduguri zuwa Kano, daga baya suka ƙarasa Kaduna. Hanyar alhazai ce suka biyo ta baya, tafiyar da mai ƙafa kan yi wata da watanni, wani ma shekaru yana yi yana tsayawa neman guzuri. Lokacin da aka zaɓa ya taimake su. Damina ta wuce, filaye sun bushe, hadari ya ɗauke, hazo bai yi ƙarfi ba tukuna, safiya kuma da sanyi. Da a Afrilu ne da lissafin ya sha bamban. Duk da haka busasshiyar iska tana tsotse katako, gam yana saki, wayoyin da ke ɗaure fuka-fukai suna sassautawa, yashi yana cin bakin farfela, kuma farfelar da bakinta ya cinye ba ta jan iska yadda ya kamata. Kanikawan nan uku, waɗanda kan kwana suna ɗaure-ɗaure bayan sun wuni a sama, sun cancanci yabo daidai da matuƙan. Jiragen uku duka suka koma Helwan ranar 19 ga Nuwamba bayan tafiyar fiye da mil 5,000, aka ba Coningham lambar yabo.

Tafiyar ba ta yawon buɗe ido ba ce. Gwajin hanya ce, kuma nuna ƙarfi ne ga talakawa da sarakunan da ba su fi shekara 22 a ƙarƙashin mulkin Turawa ba. Ta kuma tsaida inda jiragen sama za su riƙa bi na tsawon lokaci. Jirgin da ke fama da hawa ba ya iya ɗaukar man zuwa da dawowa, sai an kai masa mai ya tarar, mai kuwa layin dogo yake bi. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, bai taɓa isa Sakkwato ba. Don haka Kano ta zama mahaɗar jiragen sama, gabashin Sakkwato kuwa, duk da shimfiɗaɗɗun faƙo da ke gefen fadamun Rima, ya zauna a gefen hanya. A Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirgar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano da jirgin DH.86 mai inji huɗu, a wannan shekarar kuma aka miƙa layin zuwa Ikko. 

Amfanin hanyar na gaske ya bayyana a Yaƙin Duniya na Biyu. Da Italiya ta shiga yaƙi, Faransa kuma ta faɗi a Yunin 1940, Bahar Rum ta rufe wa Ingila, alhali rundunarta a Masar tana bukatar jirage. Gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle a watan Agusta, hanya ta buɗe. Daga Satumbar 1940 aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, a harhaɗa su, su tashi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Darfur da Hartum zuwa Masar. Yawanci jirgin Blenheim mai inji biyu, wanda ke ɗauke da masanin hanya, shi ke gaba, ƙananan mayaƙa irin Hurricane kamar shida suna biye. Zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Wanda ya karɓi da yawa daga cikinsu a hamadar Masar da Libiya shi ne Coningham, wanda a lokacin ya zama kwamandan sojan saman wannan fage. Jamusawa sun san darajar hanyar, har a Janairun 1942 suka aiko jirgi guda ƙirar Heinkel 111 ya tsallako Sahara ya ƙona rumbun mai a Fort Lamy.

Hurricane yana da injin Merlin mai ƙarfin doki fiye da 1,000 da na'urar cusa iska, yana kai ƙafa 10,000 cikin kimanin minti 5. Zafi bai yi masa illar da ya yi wa DH.9A ba, amma ƙura ta karɓi aikin. Yashin da kafireto ke zuƙa yana goge fistin da silinda, inji ya tsufa tun bai ga yaƙi ba. Maganin da aka samo shi ne babbar matatar iska ta kamfanin Vokes da aka liƙa a ƙarƙashin hancin jirgi, wadda ta ceci injin amma ta rage gudu da hawa. Tafiyar kanta, kusan mil 4,000, tana cinye wani kaso na sa'o'in da aka ƙayyade wa inji kafin a kwance shi. A wannan lokaci Nijar tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, har zuwa ƙarshen 1942, don haka iyakar da ke arewa da Goronyo da Illela da Katsina iyakar abokan gaba ce, matuƙin da hazo ya ɓatar ya yi arewa yana iya ƙarewa a tsare. Jama'ar Nijeriya kuma sun tara kuɗin sayen jiragen yaƙi, abin da ya sa aka laƙaba wa runduna ta 91 ta sojan saman Ingila sunan Nijeriya. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ke kai wa masu karatun Hausa labarin yaƙin.

Bayan yaƙi filin Kano ya zama zangon manyan jiragen fasinja masu tsallaka Sahara, alhazai ma suka soma komawa sama, Sardauna Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko a 1955. Haɗarin da ya fi nuna cewa 'yan mintocin farko na hawa su ne mafi hatsari ya auku ranar 24 ga Yuni, 1956. Jirgin BOAC ƙirar Argonaut, mai injin Merlin huɗu, ya tashi daga Kano zuwa Tarabulus ana cikin hadarin damina. Iskar da ke gabansa ta juya ta koma bayansa farat ɗaya, gudunsa a cikin iska ya faɗi, ya kasa hawa, ya bugi bishiya, mutum 32 cikin 45 suka rasu. Sojan saman Nijeriya da aka kafa a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma sun karɓi jiragen MiG-17 a Kano a Agustan 1967, waɗanda ke kai ƙafa 10,000 cikin ƙasa da minti 3. Ƙarfin inji ya ninka sau da yawa, amma lissafin zafi da nauyi da tsawon titi bai canja ba, kamar yadda faɗuwar jirgin fasinja a unguwar Gwammaja ranar 4 ga Mayu, 2002, jim kaɗan da tashinsa da tsakar ranar bazara, ta tuna wa Kanawa da rayuka fiye da 100.

Yau da yawa daga cikin masu sha'awar waɗannan tsofaffin jirage a kwamfuta suke haɗuwa da su. Wasannin kwaikwayon tuƙi irin Red Baron na 1990 da Rise of Flight na 2009 sun rayar da Camel da Fokker D.VII, na biyun ma har da Breguet 14 irin na Laperrine da DH.4, wanda daga zuriyarsa DH.9A ya fito. Gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu wasannin ita ce ko jirgi kaza yana hawa daidai da yadda ya yi a zahiri, kowa yana kafa hujja da adadin da ya gani a littafi. Matsalar ita ce adadin ba ɗaya ba ne. Wani awon na sabon jirgi ne da masana'anta ta gyara don gwaji, wani na jirgin abokan gaba ne da aka kama da gajiyayyen inji aka zuba masa man da ba nasa ba. Injunan Clerget da aka ƙera a Ingila ba su yi daidai da juna wajen inganci ba. Jamus ta rasa man zurma saboda takunkumin teku, ta koma amfani da madadinsa, injunanta masu juyawa suka riƙa lalacewa a zafin 1918. Kuma kusan duk waɗannan wasanni a sararin arewacin Faransa da Beljiyam suke gudana, inda iska ba ta yi nisa da ƙa'idar littafi ba.

Abin da tarihin Darfur da Yamai da Kano ya ƙara a wannan gardama shi ne cewa jirgi ba shi da ƙarfin hawa guda ɗaya. Yana da na sanyin asuba da na azahar, na tanki rabi da na cikakken lodi, na sabon inji da na wanda ya sha ƙura daga Takoradi. Wasan da ya dace da littafi a digiri 15 ya ci rabin jarrabawa ne kawai. Mai son sanin sauran rabin, in wasan ya ba da dama, sai ya sa fili mai tsawon ƙafa 1,000, ya ɗaga zafi zuwa digiri 42 irin na Wurno a watan Afrilu, ya cika tanki, ya tashi yana duban agogo da allurar zafin ruwa. Idan jirgin bai ƙara cin fili ba kafin ya ɗaga, hawansa bai ragu sosai ba, lagireto kuma bai tilasta wa matuƙi ya miƙe ya huta ba, to lissafin wannan wasa ba daidai yake ba.